Ratsen Labaran

"Casa'in da huɗu? Casa'in da huɗu fa ka ce, Injiniya?"

"Ba ni na ce ba, Baba Labaran. Takarda ce ta ce. Ga ta nan, ku duba."

"In duba me? Hanyar da nake kwana a bakinta in tashi a bakinta, ita za a nuna mini a takarda? Manyan motoci casa'in da huɗu a wuni, a hanyar Challawa? Ko ranar Lahadi sun fi haka kafin azahar!"

Ƙarfe takwas da rabi bai cika ba fa, amma har mai gadi ya jiyo muryar Malam Labaran daga bakin ƙofa. Ofishin masu tsara aikin hanyoyi ne, can Bompai, wani dogon gini mai rufin kwano a bayan kamfanin alewa. Ƙamshin suga yana shigowa ta taga yana gamuwa da warin tsofaffin fayil. An ɗauke wuta tun jiya, fanka ta tsaya cik, ga zafin bazara.

Malam Labaran shi ne heluma, wato shugaban leburorin da ke gyaran titin da ya tashi daga Sharada ya bi ta Panshekara ya nufi Challawa. Shekara ashirin da tara yana cike ramuka, suna buɗewa, yana sake cikewa. Wata uku ya rage masa ya yi ritaya. Shi kuwa Injiniya Filibus mutumin Pankshin ne. An ce ranar da ya fara aiki har da ɗan furen roba ya zo da shi ya ɗora a tebur. Shekara shida ke nan, furen yana nan, gashin kansa ne ya tafi.

Filibus ya share wuya da hankici. "Baba, kun fi ni sanin tsarin. Hanyoyi goma sha ɗaya ke neman gyara, kayan aikin bana na huɗu ne kawai. Wadda ta fi ɗaukar manyan motoci ita ake sawa gaba. Taku ta zo ta bakwai. Ƙarfe biyu da rabi shugabanmu Alhaji Alhassan zai zauna da kwamiti, ya sa hannu, shi ke nan sai baɗi."

"Wa ya yi ƙirgar?"

"Ado da Ishaya. Kwana uku suna zaune."

"A ina suka zauna?"

"Inda aka saba tun kafin a haife ni. Gindin tsamiya, gaban kwalbati."

Sai Malam Labaran ya ja da baya. Mutumin da yanzun nan yake neman tsaga kwano da murya, ya laluba kujera ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

To, ga abin da ya sa. Damina biyu da suka wuce, kwalbatin nan ta gaban tsamiya ta rufta gefe guda. Wata tanka ta kwanta a wurin kwana huɗu. Layin motoci ya kai har Sharada, ma'aikatan majema da na masaƙa suna takawa a ƙasa cikin taɓo, ana yanke musu yini don sun makara. Labaran ya rubuta takarda uku, shiru. Ranar wata Asabar ya tara leburorinsa, ya ɗauki tipar gwamnati da marmarar da aka ajiye don wani aikin daban, ya share wani tsohon burtali da ya bi ta bayan unguwarsu a Panshekara. Motoci suka samu inda za su ratse su kewaye kwalbatin, da tsamiyar gaba ɗaya. Ya ce na sati biyu ne, kafin a zo gyara.

Ba a zo ba. Direbobi kuwa suka ji daɗin wurin. Yau ba mai bi ta gaban tsamiya sai baƙon da bai sani ba, ko wanda ya sauke kaya yana komawa fayau.

Da ya gama faɗa wa Filibus wannan, Injiniya ya ajiye takardar ya tambaye shi.

"Su Ado ba su gani ba ne?"

"Sun gani mana. Daga inda suke zaune ana hango motocin suna karyawa."

"Suka ƙi faɗa?"

"Fom ya ce a rubuta abin da ya wuce ta gabanka. Ta bayansu suka wuce."

Filibus ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Shi kansa rabonsa da hanyar shekara ɗaya da rabi, tun da aka cire tayoyin Landirobar ofis aka ɗora ta a kan bulo. Ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya rage murya.

"Baba, ku saurare ni. Kun ɗauki tipa da marmara ba izini. In wannan magana ta fito gaban Alhaji, takardar tuhuma ce. Wata uku ya rage muku. Ku yi shiru, ku karɓi fanshonku, ku huta. Ni ban ji komai ba."

"Injiniya, ratsen nan ta bayan gidana ya bi. Katangar maƙwabciyata ta tsage, hannu yana shiga. Ɗakin matata ma ya fara. Ginin ƙasa ne, kowace tirela ta wuce sai ya girgiza. In aka sake damina guda motocin nan suna bi, gini zai faɗo wa mutane. Ni na jawo musu."

"Kwamiti ba ya jin labari. Lamba yake ji."

"To ba ni fom."

"Fom ya ƙare tun watan jiya."

Labaran ya mayar da hula. "Tun kafin a san fom muke ƙirga mota."

Ya hau tsohuwar roba-robarsa ya ɗauki hanya. Ya ratsa gari, ya shiga Sharada, inda gingimari da tirela suka yi layi a ƙofar kamfanoni, ana loda katon-katon na sabulu da bokitan roba. Kowane rami ya san shi. Wannan ya cike shi sau tara. Wancan tun yana ɗan lebura yake fama da shi, har suna suka sa masa. Ba ya ma dubawa, babur ɗin da kansa yake kaucewa. A gabansa wata kiya-kiya cike da ma'aikata ta karya kwana, kwandasta ya leƙo yana kira, "Ratsen Labaran! Akwai mai sauka Ratsen Labaran?"

Ka ji asirin da ake ɓoye wa ofis. Duk Kano an san sunan, ban da masu taswira.

Da ya isa Panshekara, dattawan da ke zaune a ƙofar masallacin unguwa suka amsa sallamarsa a taƙaice, kowa yana duban carbinsa. Da can tashi suke yi su ba shi wuri.

Uwani, matarsa, tana tsince wake a tsakar gida ya shigo.

"Lafiya, Malam, da hantsi haka? Ko sun gaji da kai tun kafin wata ukun?"

"Ba ni gwangwanin madarar nan babba."

"Gishirina ke ciki."

"Juye shi."

Ta juye, tana kallonsa ta wutsiyar ido. Uwani ba a ɓoye mata magana. In ka ɓoye da safe, kafin la'asar ta ji a gidan suna, da ƙari. Don haka ya faɗa mata duka, har da batun tuhumar. Ta ajiye faifan.

"Wato kai da ƙafarka za ka je ka ce ga ni, ni na ɗauki marmara."

"Haka ne."

"Shekara ashirin da tara. Ko kwalta cokali guda ba ka taɓa kawo mini na liƙe bokiti ba, ina roƙo kana wa'azi. Ashe tara abin kake yi ka ɗauka gaba ɗaya."

Daidai nan wata mota ta bi ta bayan gida. Ƙasa ta yi rugugi. Daga cikin ɗakin Uwani jeren kwallayenta da langogi suka ɗauki kaɗawa, kacau-kacau, kamar ana kiɗan ƙwarya. Wata 'yar ƙasa ta zubo daga tsagar bango.

"Tanka ce," in ji Uwani, ba ta ko waiwaya ba. "Cike take. Tirela ta fi jan ƙara, gingimari kuma murfin samira kawai take motsawa." Ta ɗauki faifanta. "Je ka. In sun kore ka, ka dawo mu tokare bangon tare, ka ga ka samu aikin yi."

Ya fita bayan gida, ya ɗebi tsakuwa a gefen hanya ya tara a gabansa, ya zauna a inuwar katanga. Ƙarfe goma daidai a agogonsa. Haka tsofaffin leburori suke yi tun ba wanda ya iya rubutu a cikinsu: babbar mota ta wuce, ka jefa tsakuwa ɗaya a gwangwani. Ba a ƙirga bas, ba a ƙirga akori-kura.

Ƙwal. Tirelar fatu ta nufi majema, warinta ya biyo ta. Ƙwal. Gingimarin auduga. Ƙwal, ƙwal. Tankoki biyu a jere. Wasu direbobin har hon suke masa, suna ɗaga hannu. Wani ya leƙo ya ce, "Allah ya saka, Heluma! Hanyarka ta fi ta gwamnati!" Labaran bai ɗaga kai ba.

Wajen sha ɗaya da rabi Rifkatu ta fito da bokiti. Ita ce maƙwabciyar, mutuniyar kudancin Zariya, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. A masaƙa take aiki, wannan satin ƙarfe biyu take shiga. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta shiga kwaɓa ƙasa tana cusawa a tsagar katangarta. An tokare katangar da azara biyu. Tsagar ta taso tun daga tushe har ƙarƙashin indararo, ta yi reshe.

"Kullum sai kin liƙa?" ya tambaya.

"Kullum, Baba. Kafin in dawo ta zube." Ta ɗaga kai ta dubi gabas, inda wani ɗan gajimare ya tsaya tun safe. "Gadon yaran a jikin bangon nan yake. Na so in matsar, ɗakin ne ba wuri. In ruwa ya sauka ban san inda zan kai su ba."

Ta ci gaba da cusa ƙasa a tsagar. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ita kaɗai ce a layin ba ta taɓa canza masa gaisuwa ba, abin da ya fi damunsa ke nan.

Rana ta take. Inuwar ta tsuke har ta bar masa ƙafafu a waje. Gwangwani ya yi nauyi, ƙarar tsakuwar ta daina ƙwal ta koma ƙas. Ƙarfe ɗaya ya juye a kan buhu ya ƙirga, goma-goma. Ɗari da saba'in. Awa uku kacal.

Ya shiga gida zai yi alwala, Uwani ta ce, "Nawa ka samu?"

"Ɗari da saba'in."

"Da ɗaya."

"Na ƙirga sau biyu."

Ta turo masa wata 'yar tasa da ƙwayoyin wake a ciki. "Duk sanda kayan ɗakina suka kaɗa na jefa ɗaya. Wajen sha biyu da kwata wata tirela ta wuce, ban ji gwangwaninka ba. Minsharinka na ji."

Bai yi musu ba. Ya fita ya ɗauko tsakuwa ɗaya ya ƙara.

Ya yi azahar a masallacin wani gidan mai a hanya, ya isa Bompai biyu da rabi ta ɗan gota. Mutum biyar ne a ɗakin taro, ga babbar taswira a bango an soka mata allurai masu jan kai. Alhaji Alhassan, shugaban ofishin, yana zaune a bakin tebur da kwalbar farin maganin gyambon ciki kusa da hannunsa. Ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Gajiya ce ta yi masa yawa. Ciyamomi da 'yan kwangila da masu kamfanoni sun yi ta zarya a kansa wata biyu, kowa hanyarsa ce ta fi lalacewa.

Labaran ya yi sallama, ya rusuna.

"Heluma, taro muke yi."

"Na sani, ranka ya daɗe. Lamba na kawo."

Ya buɗe gwangwanin ya juye a tsakiyar tebur. Tsakuwa ta bazu a kan takardu. Akawu ya janye fayil ɗinsa da sauri. Filibus ya rufe ido.

"Ɗari da saba'in da ɗaya, daga ƙarfe goma zuwa ɗaya na yau. Manya zalla. Ba ta gaban tsamiya suke bi ba, shi ya sa su Ado ba su same su ba."

Ya faɗi komai a tsaye, hannu a baya. Asabar ɗin, tipar, marmarar, burtalin. Bai rage ba, bai sa sunan ko lebura ɗaya ba. Da ya gama ya jira a ce akawu ya ɗauko takardar tuhuma.

Alhaji Alhassan ya ɗauki tsakuwa ɗaya yana juyawa.

"Tsawonsa nawa, ratsen nan?"

"Mil ɗaya da kwata, ranka ya daɗe."

"Marmara tipa nawa ka zuba?"

"Goma sha biyu."

"Goma sha biyu kacal? Ya yi damina biyu?"

"Ya yi."

"Mota ta taɓa kafewa?"

"Sau ɗaya. Mun fitar da ita a ranar."

Sai fuskar Alhaji ta washe. Waɗanda suke wurin sun ce rabon da a ga haƙoransa tun ƙaramar salla. Ya juya ga sauran.

"Kun ji aiki? Tipa goma sha biyu! Da ɗan kwangila ne da yanzu muna kan zanen taswira." Ya nuna akawu da biro. "Rubuta. Hanyar Challawa tana da madadi mai aiki, motoci na wucewa ba tsaiko. A cire ta daga jerin gaggawa, a mai da ita ta goma sha ɗaya."

"Ranka ya daɗe…"

"Tsaya, ban gama ba. A rubuta wa Heluma takardar yabo. A kuma nemi a ƙara masa shekara guda, tunda shi ya san ratsen, ya ci gaba da kula da shi." Ya jawo wata 'yar takarda ya sa hannu, ya miƙo. "Ga wannan. Marmara tipa biyu, gobe da safe, ka ƙara masa kafin ruwa. Wannan karon da izini."

Aka yi 'yar dariya. Filibus ya gyara murya.

"Yallaɓai, lambar nan ta nuna hanyar ta fi ta biyu a jerinmu ɗaukar kaya. In aka gyara kwalbatin…"

"Lambar gaskiya ce, Injiniya, ban musa ba. Amma ba a kan titinmu suka bi ba. Ina da hanyoyi huɗu da ba su da ko burtali. In cire wacce?"

Filibus ya koma kallon takalminsa.

"Ranka ya daɗe," in ji Labaran, "gidajen mutane ne a wurin. Bango ya tsage. Akwai mace da 'ya'ya uku suna kwana a jikinsa."

Alhaji ya kurɓi maganinsa, ya yamutsa fuska. "Allah ya kiyaye. Amma bango ba na ofishin nan ba ne, Heluma. Su kai kuka ƙaramar hukuma. Mu hanya muke yi." Ya jawo jerin ya sa hannu a ƙasa. "Kwashe tsakuwarka, mu ci gaba."

Labaran ya dubi 'yar takardar da ke hannunsa. Tun safe yake shirin a kore shi, har ya tsara abin da zai faɗa wa Uwani. Bai shirya wa yabo ba. Ya ninke takardar sau biyu, ya cire hula ya sa a ciki, ya mayar. Ya ɗauki gwangwanin, don na gishirin mutane ne. Tsakuwar ya bar ta a nan.

"Tipa biyu kuka ce, ranka ya daɗe?"

"Biyu. Direba ya same ka a ina?"

"A bakin ratsen. Ɗaya ta wannan kai, ɗaya ta wancan. A tsakiyar hanya za a juye, tudu guda-guda, ba mai bajewa."

Akawu ya ɗaga biro daga takarda. Alhaji ya ajiye kwalba.

"Ka toshe? Ka san layin da za a yi a kwalbatin nan? Masu kamfanoni za su cika mini ofis kafin azahar!"

"Za su zo. Sai a ce su Ado su koma gindin tsamiya. Wannan karon ta gabansu za a wuce."

"Heluma, wata uku ya rage maka. In ka yi wannan ba yabo ba, ko fansho…"

"Na sani, ranka ya daɗe. Injiniya ya faɗa mini tun da safe." Ya kama hannun ƙofa. Bai ɗaga murya ba, ya gaji da yawa. "In tipar ba ta zo ba, ina da diga da shebur a gida. Ni na buɗe shi."

"Heluma! Malam Labaran!"

Ya fita, ya jawo ƙofar da duk ƙarfin da ya rage masa. Garam! Taswira ta karkace a bango, allurai biyu suka faɗo. Tsakuwar kan tebur ta ɗauki rawa, kacau-kacau, tana gangarowa ƙasa ɗaya bayan ɗaya.